Zinaren Yauri da Littafin Abuja

Ranar 16 ga Yulin 2020 aka yi wani biki a fadar shugaban ƙasa da ke Abuja, kuma da yawa daga cikinmu mun ga hotunansa a wayoyinmu tun kafin rana ta faɗi. An gabatar wa Shugaba Muhammadu Buhari dunƙulen zinare mai nauyin kilo 12.5, Gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya miƙa cakin naira miliyan 268 kuɗin sayensa, Gwamnan Kebbi na lokacin, Abubakar Atiku Bagudu, yana wurin. Bayanin da aka yi shi ne, wannan zinare masu haƙa da hannu ne suka tono shi, aka tace shi har ya kai matsayin da kasuwar Landan take karɓa, sannan Babban Banki ya saya domin ya shiga ajiyar ƙasa. Shirin da ya haifar da shi ana kiransa PAGMI, kuma a jihohin Kebbi da Osun aka fara gwada shi. A jawabinsa na ranar, shugaban ya ce Najeriya ta yi asarar kimanin dala biliyan uku tsakanin 2012 da 2018 ta hanyar fasa-ƙwaurin zinare, ya kuma ce shirin zai iya samar da aiki ga mutum 250,000 da kuɗin shiga sama da dala miliyan 500 a kowace shekara.

Wata biyar kafin wannan biki, a Fabrairun 2020, a Yauri aka ƙaddamar da rajistar masu haƙa. Aka ɗauki sunayensu da hotunansu da zanen yatsunsu aka shigar a kwamfuta. To, a nan ne karatunmu zai fara, domin idan aka jera hoton Yauri da hoton Abuja za a ga wani abu da ba a faɗa a jawabi ba. Gwamnati ta san babban yatsan mai haƙa, ta san garinsu, ta san fuskarsa. Shi kuwa me ya sani game da littafin gwamnati? Idan muka raba miliyan 268 gida 12,500 za mu ga kowane giram ya tashi a kan naira 21,440. Wannan lissafi ɗan firamare ma zai yi shi. Abin da ba ya lissaftuwa daga hoton shi ne nawa aka biya mutumin da ya fito daga rami da giram ɗin a ƙulle cikin leda, nawa aka cire wa gwamnati, kuma nawa ne daga ciki ya sake komawa ƙasar da aka tono shi.

Akwai littafin da aka ce shi ne zai amsa irin waɗannan tambayoyi, kuma shi muke son mu yi wa sharhi, kamar yadda muka saba yi wa littattafan labari a wannan mujalla. Shi ne rahoton da hukumar NEITI take fitarwa a kan ma'adinai. Asalinsa wani yunƙuri ne na duniya da ake kira EITI, wanda aka kafa a farkon shekarun 2000 domin ƙasashe masu man fetur da ma'adinai su riƙa baje lissafinsu a faifai. Najeriya ta shiga a 2003 zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, a 2007 kuma aka yi wa hukumar doka ta kanta. Da man fetur ta fara, daga baya ta waiwayi ma'adinan ƙasa, rahotonta na farko a wannan fanni ya ɗauki shekarun 2007 zuwa 2010.

Dabarar littafin mai sauƙi ce, kuma mai kyau ce. Shaidu biyu ake kira. A tambayi kamfani nawa ya biya, a tambayi hukumar gwamnati nawa ta karɓa, sai mai binciken kuɗi mai zaman kansa ya jera amsoshin biyu ya ga ko sun yi daidai. Inda suka saɓa, sai a nemi ba'asi. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ginin masallaci ya san amfanin wannan: ma'aji ya kawo littafinsa, mai sayen siminti ya kawo rasit, a karanta a gaban jama'a. Kafin NEITI babu inda ɗan Najeriya zai je ya ga a wuri guda abin da ma'adinai suka kawo wa asusun tarayya. Yanzu akwai. Daga rahoton 2021, alal misali, mun san fannin ya kawo naira biliyan 193.59, mun kuma san a wannan shekarar rabonsa a tattalin arzikin ƙasa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Rahotannin ba sa ɓoye bashin da kamfanoni suka ƙi biya, ba sa kuma ɓoye cewa haƙar da ba ta da rajista ta fi ƙarfin alƙalaminsu. Wannan yabo ne da ya kamata a yi, mun kuwa yi shi da zuciya ɗaya.

Sai dai mai karatu daga Yelwa ko Wara ko Shanga, idan ya buɗe littafin yana neman kansa, zai sha tafiya. Manyan taurarin labarin duwatsun siminti ne da tsakuwar gini da jar ƙasa. Kamfanonin siminti irin su Dangote da BUA, da kamfanonin gine-gine masu fasa dutse, su ne suke cika shafuka, saboda su ne suke da ofis da akanta da fayil. Shaidun da ake kira su ne kamfanonin da abin da suke biya ya kai wani mizani da aka yanke. Wanda bai kai ba, sai dai a tara shi da ire-irensa a layi ɗaya. Wanda kuwa bai biya komai ba, bai karɓi rasit ba, ba shi da suna a ko'ina, to shi ba ya cikin labarin sam. Zinaren ƙasar Yauri yawancinsa a wannan aji na uku yake. Littafin daga rasit yake farawa, alhali shi zinare ya riga ya yi rabin tafiyarsa kafin a zo maganar rasit.

Bari mu ɗan tsaya a wannan rabin tafiyar, domin a nan kuɗin yake, a nan kuma duhun yake.

Zinare a wannan yanki ba baƙo ba ne. Masana duwatsu sun daɗe da sanin jijiyar zinaren da ke kusa da Birnin Yauri, cikin ƙaramar hukumar Ngaski, wadda take cikin jerin duwatsun da suka miƙe ta ƙasar Zuru har zuwa Anka a Zamfara. Tun zamanin Turawa ake tonon zinare a Arewa, ya yi tashe a shekarun 1930, Yaƙin Duniya na Biyu ya kwantar da shi. Abin da ya dawo da shi a zamaninmu shi ne tsadarsa a kasuwar duniya, da rashin aikin yi, da araha da injin niƙa ya yi. Aikin kuwa haka yake tafiya. Samari su haƙa rami da diga da shebur, su bi farin dutsen da ke ɗauke da zinaren har inda numfashi yake wuya, a riƙa jawo buhuna da igiya. A farfasa dutsen da guduma, a kai wa mai inji ya niƙe shi ya zama gari. A wanke garin a kan gangaren katako da aka shimfiɗa wa kafet, abin da ya maƙale a tace shi a tasa. Sai a zuba zaiba ta tattaro ƙwayoyin zinaren, a matse a ƙyalle, a ƙona, zaibar ta tashi hayaƙi, a bar ɗan abin da bai kai ƙwayar gero ko ta wake ba. Shi ne za a ɗora a sikeli.

Kafin a kai ga sikelin, hannaye da yawa sun riga sun shiga. Akwai mai gonar da ramin yake ciki. Akwai mai ɗaukar nauyi, wanda ya ciyar da masu haƙa makonni ko watanni kafin a ga komai, ya sayi mai da igiya da batirin tocila, kuma sau da yawa sharaɗinsa shi ne shi za a sayar wa. Akwai mai inji da mai ruwa da mai babur. Akwai kuma 'yan karɓe-karɓen da kowa ya san da su, waɗanda ba su da takarda. A ƙarshe dillali ne zai dubi zinaren ya faɗi tsabtarsa, ya faɗi nauyinsa, ya faɗi farashinsa, kuma sikelin nasa ne. Gaskiya ne yau mai haƙa ma yana iya duba farashin Landan a wayarsa, amma sanin farashi ba ya biyan bashin da ke kanka. Daga hannun ƙaramin dillali zuwa babba, daga nan zuwa aljihun riga, ga kuma Kebbi tana iyaka da Nijar da Benin. Kilo guda na zinare bai kai girman wayar da kuke karanta wannan rubutu da ita ba. Ƙungiyar Swissaid ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahoto a 2024 inda ta ƙiyasta cewa aƙalla tan 435 na zinare aka fitar daga Afirka ba tare da an bayyana shi ba a shekarar 2022 kaɗai, kuma mafi yawansa Dubai ya nufa. A can yana da rasit. A nan ne ba shi da shi.

Saboda haka idan aka ce mana an baje lissafin ma'adinai a faifai, sai mu tambaya: daga ina aka fara ƙirga? Mai awon hatsi da ya fara ƙirga bayan an kwashe buhu tara cikin goma, lissafinsa na buhun da ya rage zai iya fita daidai har ƙwaya, ba kuwa za a ce ya yi ƙarya ba.

Akwai wani shafin da littafin ba shi da shi gaba ɗaya, wato shafin abin da aka biya da rai. Ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgin katako ya taso daga ɓangaren jihar Neja ya nufo Wara, hedikwatar Ngaski, ɗauke da mutum fiye da 150. Ya tsage a tsakiyar ruwa. Waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Shugaban ƙaramar hukumar na lokacin ya shaida wa manema labarai cewa jirgin ya ɗauki fiye da ƙarfinsa, kuma ban da mutane har da buhunan ƙasa da aka ɗebo daga wurin haƙar zinare. Duk wanda ya san sana'ar ya san me ake yi da irin wannan ƙasa. Mun daɗe muna tunanin waɗannan buhuna. An tono su a wata jiha, ana ƙetarar da su zuwa wata, ba wanda ya auna su, ba wanda ya rubuta su, sai nauyinsu ne kawai ya bayyana, a ranar da jirgin ya kasa ɗauka. Da sun iso lafiya, da zinaren da ke cikinsu ya bi hanyar da 'yan'uwansa suke bi, kuma da babu jihar da za a rubuta shi da sunanta.

Haka nan maganar guba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Ita kuwa zaiba ba ta kisa da gaggawa, a hankali take taruwa, ta bi ruwan sama ta gangara rafi, ta shiga jikin kifi. Ƙasar Yauri ƙasar ruwa ce. Sarkawa da Gungawa da sauran masunta da ke bakin tafkin Kainji, da matan da suke banda kifi ana lodinsa zuwa kudu, da manoman albasar da suke ban-ruwa daga kogin Kwara, duk suna da hannun jari a wannan haƙa ko da ba su taɓa riƙe diga ba. Rahoton da yake lissafa abin da ya shigo kaɗai ya bar musu nasu shafin fari fat.

Yanzu mu ɗauka zinaren ya bi hanyar doka, an biya abin da ya kamata. Ina kuɗin yake zuwa? Tsarin mulkin 1999, a sashe na 44, ya ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar gwamnatin tarayya ne. Dokar ma'adinai ta 2007 ta bi wannan layi. Lasisi daga Abuja yake fitowa, kason gwamnati na abin da aka haƙo Abuja yake tafiya. A kan zinare, kason nan kashi uku cikin ɗari ne a lokacin bikin 2020. Idan muka lissafa shi a kan cikakken farashin dunƙulen nan, ya kama naira miliyan takwas da 'yan kai. Sashe na 162 ya ce aƙalla kashi 13 cikin ɗari na kuɗin albarkatun ƙasa a mayar wa jihar da aka samo su. Kashi 13 na miliyan takwas kuwa miliyan ɗaya ne da ɗoriya kaɗan. Wannan shi ne rabon jiha daga dunƙulen da aka yi wa biki a fada, idan duk daga jiha ɗaya ya fito. Kuma a Birnin Kebbi zai tsaya, ya narke cikin babban asusu, domin tsarin mulki jiha ya ambata, bai ambaci Ngaski ko Shanga ko ƙauyen da ramin yake ba. A Gana an yi doka a 2016 da ta ware kashi 20 cikin ɗari na irin wannan kuɗi zuwa wani asusu na musamman, wanda wani ɓangarensa yake komawa yankunan da ake haƙar. Can ma ana ƙorafi a kan yadda ake kashe shi, amma aƙalla akwai layin da mutum zai ɗora yatsa a kai ya yi rigima.

Dokar 2007 ta yi wani tanadi mai kyau: kamfanin da zai yi haƙa sai ya ƙulla yarjejeniyar ci gaba da al'ummar wurin kafin ya fara aiki. Makaranta ce, rijiya ce, hanya ce, ɗaukar 'ya'yan gari aiki ne, a rubuta a sa hannu. Amma yarjejeniyar da ke cikin durowar mutum uku, da Turanci, wa zai san an cika ta ko an saɓa? A watan Satumban 2023 gwamnatin Nasir Idris ta sanar da dakatar da haƙar ma'adinai a faɗin Kebbi, tana kafa hujja da tsaro da kuma rashin ganin amfanin da jiha da al'ummomi suke samu. Abin lura a nan shi ne, gwamnatin jiha da kanta take kukan ba ta ganin lissafi. Idan mai ofis da lauyoyi yana wannan kuka, ina ga mai unguwa? Ga kuma sabon baƙo ya iso, wato litiyam da ake yin batirin waya da na mota da shi. Jaridu sun yi ta kawo labarin taƙaddamar kamfanoni a kan filin haƙarsa a Libata, cikin Ngaski. Mutumin Libata yana ganin manyan motoci suna fita da kaya. Sunan wanda yake riƙe da lasisin filin yana nan a rajistar ofishin lasisin ma'adinai, wadda aka mayar intanet a 2022. Sunayen ainihin masu kamfanonin haƙa kuma NEITI ta buɗe musu rajista tun Disamban 2019. Duk suna nan a buɗe, ga wanda yake da Turanci da kuɗin data da sanin inda zai latsa.

Wannan ya kawo mu ga babban aibin littafin a idon mai sharhin adabi, wato bai san mai karatunsa ba. Ko kuma ya san shi, amma ba mu ba ne. Ɗaruruwan shafuka ne na Turancin akantoci, yakan fito shekara ɗaya ko biyu bayan shekarar da yake magana a kai, a ƙaddamar da shi a ɗakin taro a Abuja, jaridu su ɗauki adadi ɗaya su yi kanun labari, shi ke nan sai baɗi. An rubuta shi ne domin 'yan majalisa da jakadu da masu zuba jari da ofishin EITI da ke Oslo. Ba laifi ba ne a rubuta musu. Amma kalmar da ake fassarawa da yin abu a fili, a Hausa tana da sharaɗi: fili wuri ne da mutane suke. Abin da aka ajiye a inda ba mai zuwa, ko ƙofa a buɗe take, ba a ce yana fili.

Kuma kada a ce mutanenmu ba su iya lissafi ba ko ba su damu da shi ba. A kasuwar Yelwa kowa ya san yadda buhun albasa ya kwana da yadda ya tashi. Uwar adashi da ta ɓatar da zubi ɗaya ba za ta sake riƙe na kowa ba. Kakanninmu sun ajiye rasit ɗin haraji da na jangali a cikin gafaka kamar layu, saboda sun san ranar da za a tambaye su. Mutanen da suke da wannan tarbiyya ba darasin riƙon amana suke buƙata ba. Takardar ce ba a ba su ba.

Mu ma da muke rubutu da Hausa muna da namu kason na laifi. Muna da dubban masu karatu a waya, muna da gidajen rediyo, muna da marubutan da suke iya riƙe mutum babi sittin a kan rigimar kishiyoyi. Labarin yaron da ya bar makarantar allo ko aji uku na sakandare ya tafi rami, da mai ɗaukar nauyin da yake uba kuma yake mai bin bashi, da dillalin da sikelinsa yake da harshe biyu, da uwar da take jiran jirgin Wara, duk yana nan yana jiran alƙalami. Kuma ba sai an jira labari ba. Shafin da ya shafi Kebbi a rahoton NEITI bai fi ƙarfin mutum ɗaya ya fassara shi a yini guda ya sa a Facebook ba.

Akwai dalilin da ya sa mutanen wannan yanki suke jin alƙawarin Abuja da kunne ɗaya. An gina madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968, ruwa ya ci tsibirai da gonaki da garuruwa, aka tayar da mutum kimanin 44,000 aka sake musu matsuguni. Wutar ta tafi birane. Dokar kafa hukumar HYPPADEC, wadda aka ce za ta kula da yankunan da suke samar da wutar, sai a 2010 aka yi ta, kuma ta ƙara kusan shekara goma kafin ta fara aiki. Wanda aka ɗauke shi a goye daga tsibiri a 1968 ya yi furfura kafin ya ga motar hukumar. Idan yau aka zo masa da na'urar ɗaukar yatsa aka ce ya yi rajista zinare zai amfane shi, yana da abin tunawa.

Za a iya ce mana, ai masu haƙar da dillalan su ne ba sa son fili. Wannan gaskiya ne, kuma ba don duk ɓarayi ba ne. Mai haƙa yana tsoron rajista ta zama ƙofar haraji, ko ta zama hanyar da za a gane inda arzikin yake a ba wa kamfani lasisin wurin a kore shi. Dillali yana tsoron a san abin da yake ɗauke da shi a hanyar da ba ta da aminci. Mutanen da suka ga abin da ya faru a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yunin 2021, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da malamai da rana tsaka, ba sa buƙatar a yi musu bayanin haɗarin a san kana da kuɗi. Duk tsarin da zai buga sunan mutum da giram ɗin da ya sayar, tsarin kashe shi ne. Amma ba sunan mai haƙa muke nema ba. Jimilla muke nema, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, da sunayen masu lasisi, waɗanda dama doka ta ce a san su. Shi kuwa mai haƙa, abin da zai kawo shi teburin gwamnati ba wa'azi ba ne, ba kuma jami'an tsaron ma'adinai da aka ƙaddamar a 2024 ba ne. Farashi ne. Ranar da wurin sayen gwamnati zai biya abin da ya kai na dillali, nan take, da sikelin da kowa yake gani, ya kuma kasance a buɗe kowace ranar kasuwa, rasit zai zo da ƙafarsa. Gana ta kama wannan hanya a 2025 da ta kafa hukumar GoldBod ta ba ta ikon sayen zinaren ƙananan masu haƙa. Hana haƙa kuwa an gwada shi a Zamfara daga 2019 zuwa ƙarshen 2024, kuma ramuka ba su rufe ba.

A watan Yunin 2024 aka sake ɗaukar irin hoton nan. Wannan karon ministan ma'adinai Dele Alake ne ya gabatar wa Shugaba Bola Tinubu dunƙulen zinare, aka ce an tace sama da kilo 70, an ƙara wa ajiyar ƙasa fiye da dala miliyan biyar, an kuma zuba kimanin naira biliyan shida a karkara wajen sayensa. Daga 12.5 zuwa 70 ci gaba ne, ba mu raina ba. Amma mutumin da aka ɗauki yatsansa a Yauri a 2020 tambayarsa tana nan inda ya bar ta: kilo nawa ne daga Ngaski, nawa daga Shanga, a kan wane farashi aka saya, ina kason gwamnati ya shiga?

Amsar ba ta buƙatar shafi ɗari uku. Takarda ɗaya ce, da Hausar boko da ta ajami, a manna a sakatariyar Yelwa da ta Wara da ta Shanga da ƙofar fadar hakimi duk bayan wata uku, a kuma karanta a rediyo: ga masu lasisi a wannan ƙaramar hukuma da iyakar filin kowa, ga abin da suka ce sun haƙo, ga abin da suka biya, ga abin da jiha ta karɓa daga kashi 13, ga abin da aka yi alƙawari a yarjejeniyar al'umma da inda aka kwana. Yawancin waɗannan bayanai suna hannun hukumomi, a warwatse. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar ya rubuta wa hukumar tarayya ya nemi irin wannan, ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Ƙungiyar ɗalibai za ta iya rubutawa, ƙungiyar masunta ma haka, ko malamin firamare guda a Wara. Doka ta ba hukumar kwana bakwai ta ba da amsa.